Kofunan kiristal na Ayilan: me ake saye da wannan tsadar?

Hajiya, tambayarki ta iso, Allah ya sanya alheri a auren, ya ba su zaman lafiya. Kin ce kina haɗa wa 'yarki kayan ɗaki, sai kika ci karo da wasu kofunan gilashi a intanet, an rubuta cewa kiristal ne aikin hannu, ƙirar zamani, "bisa al'adar sana'ar mutanen Ayilan", kuma kuɗin guda biyu ya fi na dozin ɗin da kika saba saye. Kina so ki san dalilin tsadar, ko da gaske aikin hannu ne, da kuma gaskiyar maganar da kika ji cewa akwai dalma a cikinsu.

Bari in fara da kalmar da ta fi ba ni tsoro a tallar nan, wato "bisa al'adar". Na daɗe ina juya kayan gilashi da tangaran, kuma duk inda na ga wannan lafazi nakan rage gudu. Mai tallar bai ce a Ayilan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, aka yi kofin ba. Bai ce ɗan Ayilan ne ya sassaƙa shi ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne wanda ya zana kofin ya kalli aikin mutanen can ya ji sha'awa. Yana iya zama kaya mai kyau ƙwarai, yana kuma iya zama na inji da aka sa wa suna mai daɗi. Kafin ki iya bambancewa, sai kin san abin da ake nufi da al'adar ita kanta.

Asalin gilashin kiristal ɗin ma ba na Ayilan ba ne. Wani Bature ɗan Ingila, George Ravenscroft, shi ne ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1674, kuma a gwaje-gwajensa ne aka gane cewa idan aka zuba sinadarin dalma a cikin narkakken yashi, gilashin yakan fito da nauyi, da haske garau, da taushin da zai bari a yanke shi ba tare da ya tarwatse ba. Abin da ya kai sana'ar Ayilan kuwa haraji ne. A 1745 gwamnatin Ingila ta ɗora wa gilashi haraji gwargwadon nauyinsa, sai maƙeran can suka koma yin kofuna sirara don su tsira da ribarsu. Ayilan ba ta cikin wannan haraji, amma an hana ta fitar da gilashi waje. Da aka ɗage hanin a 1780, sai ga ƙasa guda da mutum zai yi gilashi mai kauri yadda ya ga dama, ya loda a jirgi ya sayar. Masu kuɗi suka buɗe masana'antu a Cork da Dublin da Belfast, sannan a 1783 George da William Penrose suka buɗe tasu a garin Waterford, suka ɗauko wani gwani mai suna John Hill daga Stourbridge ta Ingila tare da ma'aikatansa.

Ki riƙe maganar kaurin nan, don ita ce gindin komai. Yanka mai zurfi ba ya yiwuwa a kan siririn kofi, dutsen zai huda shi. Sai jiki ya yi kauri sannan mai sassaƙa zai sami wurin nutsa dutsensa, ya fitar da lungu da saƙon da haske zai shiga ya karye ya fito kala-kala. Abin da duniya ta sani da salon Ayilan ke nan: kofi mai nauyi, zane mai zurfi, yawanci gidajen dara masu kama da lu'ulu'u da dogayen tsagogi a tsaye.

Zamanin bai daɗe ba. A 1825 harajin ya biyo su har gida, sannan babbar yunwar da ta faɗa wa ƙasar daga 1845 ta ƙarasa abin da ya rage. Masana'antar Waterford ta kai kayanta babban baje kolin Landan na 1851, kuma a wannan shekarar ta rufe. Shekara 96 garin bai sake hura wutar gilashi ba.

Wanda ya sake kunna ta ma baƙo ne. Charles Bacik mutumin Cekoslobakiya ne, mai masana'antun gilashi a ƙasarsa, ya baro su bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ya ga gwamnati na ƙwace dukiyar 'yan kasuwa. A 1947 ya buɗe ƙaramar masana'anta a Waterford, wadda daga baya ta zama kamfanin Waterford Crystal, ya kawo wani matashi ɗan ƙasarsu, Miroslav Havel. Havel ya je gidan tarihi na ƙasa da ke Dublin ya zauna yana nazarin tsofaffin kayan Penrose yana zana su a takarda, kuma daga nan ya fitar da zanen Lismore a 1952, wanda har yau shi ne zanen kamfanin da ya fi suna. Kin ga ke nan al'adar da ake tallatawa, ɗan Ingila ne ya kawo ta, ɗan Cek ya tashe ta daga kabari, mutanen Waterford suka koya suka riƙe ta da hannu biyu har ta zama tasu. Ban faɗi haka don in rage mata daraja ba. Na faɗa ne don ki san cewa sunan ƙasa a jikin kwali bai isa hujja ba, kuma kofin da aka yanka a Bohemiya ta ƙasar Cek ba ƙanin na Ayilan ba ne, wajen tsufan sana'a ma yayansa ne.

Yanzu ga inda kuɗin yake tafiya. A tsakiyar garin Waterford akwai gidan da kamfanin ya buɗe a 2010, inda baƙo zai shiga ya ga aikin da idonsa, kuma gani ya kori ji. A al'adance ana narka farin yashi da sinadarin fotash da na dalma a tanderu mai zafin kusan digiri 1,400. Mai busa zai zura dogon bututun ƙarfe ya naɗo curin gilashi jawur, yana nashe-nashe kamar alewar da ba ta daskare ba. Hannunsa ba ya tsayawa, don da ya daina juya bututun curin zai zubo ƙasa. Zai mulmula shi a cikin jiƙaƙƙen katako, tururi na tashi, sannan ya saka shi a mazubi ya busa yana juyawa har ya cika siffar. Wanda ya taɓa zuwa unguwar Masaga a Bida ya ga masu narka kwalabe suna yin munduwa da tsakiya zai gane wannan rawar hannun, ko da yake kayan aikin sun sha bamban. Daga nan kofin zai shiga wani tanderun da zai huce a hankali na tsawon sa'o'i. Idan aka gaggauta wannan mataki, kofin zai fito lafiya a ido, amma da ciwo a ciki, wata rana yana zaune a kabad sai ki ji ƙas, ya tsage.

Sassaƙar ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Ana ja wa kofin layuka da alƙalami, na kwance da na tsaye, kamar an shata gidajen dara. Iyakar jagorar ke nan, zanen kansa yana cikin kan mai aikin. Yana zaune gaban wani faifai mai juyawa wanda aka shafe bakinsa da garin daimon, ruwa na ɗiga a kansa don kada zafi ya fasa gilashin. Zai riƙe kofin da hannu biyu, ya dafa gwiwar hannunsa, ya kai kofin kan faifan. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba ya ganin wurin da yake yankawa kai tsaye. Ta cikin kofin yake leƙawa, yana hango faifan ta bayan gilashin, ga ruwa da farin gari suna rufe masa gani. Sauran aikin na kunne ne da yatsu: ƙarar faifan tana canzawa idan yanka ya yi zurfi, nauyin da ke dawowa hannunsa yana gaya masa saura nawa ya huda. Kuskure ɗaya, babu gyara, sai a fasa kofin a mayar tanderu. Bayan ya gama, duk inda dutse ya taɓa fari ne dusu-dusu kamar an barbaɗa gari. Sai an tsoma shi a ruwan asid mai ƙarfi sannan ƙyallin ya fito. A da can da faifan katako da garin dutse ake gogewa, kuma har yanzu akwai masu yin haka.

A tsarin Waterford, yaro yakan yi shekara 5 yana koyo, sannan a ba shi kwano guda ya sassaƙa wanda ya ƙunshi duk nau'o'in yankan da aka koya masa. Idan ya ci, sai ya ƙara wasu shekara 3 kafin a kira shi gwani. Shekara 8 ke nan. Wannan hannun ake saye, Hajiya. Yashi da wuta ba su kai wannan kuɗin ba.

To ina "na zamani" ya shigo? Ya shigo ne ta ƙofar karyewa. A lokacin da kamfanin yake ganiyarsa, mutum wajen 3,000 ke cin abinci a cikinsa, kuma Amurka ce babbar kasuwarsa. A 1986 ya haɗe da kamfanin tangaran na Wedgwood. Sannu a hankali kuɗin aiki ya yi yawa, matasan Turai da Amurka suka daina sha'awar kabad cike da kofunan da ba a taɓa su sai ranar biki, aka fara kai aikin ƙasashen da lada ke da sauƙi. A watan Janairun 2009 kamfanin ya durƙushe, aka rufe babbar masana'antarsa da ke Kilbarry a gefen garin Waterford, ma'aikata suka yi zaman dirshan a cikinta na makonni. Wani kamfanin zuba jari na Amurka ya sayi sunan, sannan a 2015 ya koma hannun Fiskars na ƙasar Finlan. A yau mafi yawan kayan da ke ɗauke da sunan Waterford a wajen Ayilan ake yin su, musamman a Sulobeniya, gidan da ke garin Waterford kuma ya fi mayar da hankali ga manyan ayyuka irin su kofunan gasa da kayan oda. A shekara ta 2010 ita ma masana'antar Tyrone Crystal ta Ayilan ta Arewa ta rufe.

Amma gwanayen ba su mutu tare da masana'antun ba. Wasu tun kafin rushewar suka ware suka kafa nasu. Criostal na Rinne, wanda wani tsohon gwanin Waterford ya buɗe a 1987, yana ƙauyen An Rinn a bakin teku, inda har yanzu ake magana da harshen Ayilan na asali. Akwai Dingle Crystal a yankin Kerry, akwai Irish Handmade Glass Company da wasu ma'aikatan suka kafa a cikin Waterford bayan an sallame su. Akwai kuma J. Hill's Standard, wanda ya ɗauki sunan John Hill ɗin nan na 1783, ya haɗa tsofaffin masu yanka da masu zane na zamani daga waje, irin su Martino Gamper ɗan Italiya. Waɗannan ƙananan shaguna su ne ainihin abin da tallarki take kwaikwayo ko take nufi.

Aikinsu ya bambanta da na iyayen gidansu. Tsohon salo cika kofi yake da zane tun daga gindi har kusa da baki, ba a barin fili. Na yanzu sun rage hannu: tsaga uku ko huɗu masu zurfi a gefe ɗaya, ko layi mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, ko wani sashe a bar shi dusu-dusu ba gogewa, sauran jikin kuma fes. Wasu suna ɗauko zane daga tsohon rubutun ogam na ƙasar, wanda shi ma 'yan tsage-tsage ne a gefen dutse, don haka ya dace da faifan yanka kamar don shi aka yi shi. Wasu suna ɗauko da'irorin da aka sassaƙa a duwatsun tsohuwar makabartar Newgrange sama da shekara 5,000 da suka wuce. Ni dai a ganina wannan ragin ya fi wuya. Kofi mai zane dubu yana ɓoye kuskure, idan layi ɗaya ya karkace ba wanda zai lura. Mai layi uku kuwa ba shi da maɓoya. Wanda ba na so shi ne wanda aka manna wa hoton garaya ko ganyen nan mai kunne uku na tambarin ƙasar don kawai a jawo ɗan yawon buɗe ido. Tsaraba ce, ba laifi, amma kada a karɓi kuɗin gwani a kanta.

Akwai wani abu da ba kasafai ake faɗa ba. Riƙe tanderu a kunne dare da rana yana cin kuɗi sosai, don haka ƙananan shaguna da yawa ba sa busa gilashi. Sukan sayo kofuna lami, marasa zane, daga wasu masana'antun Turai, su kuma su sassaƙa. Wannan ba ha'inci ba ne muddin an faɗa. Shi ya sa idan za ki rubuta wa mai kayan, ki raba tambayar: a ina aka busa, a ina aka yanka, kuma da hannu aka yanka ko da inji? Mai gaskiya zai amsa miki a layi biyu, wani ma har ya turo miki bidiyon mai aikin. Wanda ya dawo miki da labarin korayen tsaunuka da kakannin kakanni, ki bar masa kayansa.

Na taɓa yin cinikin biri a sama a farkon shigata harkar nan. Wani dillali ya turo mini hotuna masu kyau, na biya, kaya suka iso. Da na ɗaga kofi ɗaya a hasken taga, sai ga wani siririn layi ya taso daga gindi har baki, wani kuma a ɗaya gefen daidai da shi. Wurin da mazubin ƙarfe ya haɗu ke nan. Ba a yanka kofin ba sam, matsa narkakken gilashi aka yi a cikin mazubi mai zane, kamar yadda ake buga bulo. Da na bi zanen da yatsa, ko'ina a dunƙule yake sumul. Yankan gaskiya yana da kaifi, za ki ji gefensa yana kama fatar yatsa, kwarin tsagar kuma a tsuke yake kamar an sa wuƙa. Idan kika jera kofuna biyu na hannu kika ƙura musu ido, za ki ga ɗan bambanci: wannan tsagar ta ɗara waccan da kaurin gashi, tauraron gindin wannan ya ɗan karkata. Akwai injinan da kwamfuta ke sarrafawa masu yanka da kaifi, su kuma alamarsu ita ce kamar da ta yi yawa, kofi shida ba ka iya raba ɗaya da ɗaya. Ki kuma juya gindin, yawancin masu aikin kirki suna sa hatimi ko sa hannu a wurin, wani sai an karkata shi a haske ake gani. Nauyi ma shaida ne, don kiristal mai dalma yakan fi gilashin yau da kullum mai girmansa nauyi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ƙarar da mutane ke gwadawa, a ɗan ƙyasta baki a ji ya yi dogon amo, tana taimakawa, amma kada ki dogara da ita kaɗai, siffar kofi ma tana canza amo.

Sai maganar dalma, wadda na san ita ta fi damunki, kuma kina da hujja. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba zai ji sunanta ya yi shiru ba. Amma hanyar ta bambanta: can ƙurar dutsen zinariya ce da ake daka a cikin gidaje, yara na shaƙa suna haɗiya. A kiristal dalmar a narke take cikin jikin gilashin, taɓa shi ba ya komai. A dokar Tarayyar Turai ta 1969, sai gilashi ya kai kashi 24 cikin ɗari na sinadarin dalma kafin a kira shi kiristal mai dalma, idan ya kai kashi 30 kuma a ce cikakke ne. Za ki ga an rubuta 24% PbO a kwali ko a 'yar takardar da ke manne. Matsalar tana tasowa ne idan abu mai tsami ya daɗe a ciki, don tsami yana jawo dalmar kaɗan-kaɗan daga fuskar gilashin. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Columbia ta Amurka a 1991 ya nuna cewa giyar da aka ajiye watanni a tulun kiristal, dalmar da ke cikinta ta ƙaru ninki-ba-ninki. Mu ba giya ce damuwarmu ba, amma zoɓo da tsamiya da lemon tsami da nono duk tsami gare su. A zuba ruwa ko lemo a sha a lokacin cin abinci, abin da zai fita kaɗan ne ƙwarai. A cika jug da zoɓo a sa a firji ya kwana biyu, wannan kam a'a. Kuma tunda amarya ce, in Allah ya kawo rabo, mai juna biyu da ƙananan yara su bar shan komai a kofin dalma gaba ɗaya, don su ne ƙaramin abu yake yi wa illa. Sabon kofi kuma a cika shi da ruwan khal ya yini ya kwana, a zubar a ɗauraye kafin a fara amfani da shi.

Sauƙin da aka samu shi ne masu yin kiristal da yawa yanzu sun bar dalma, suna sa sinadaran bariyam ko zink ko fotash a madadinta. Irin wannan ya ɗan fi sauƙin nauyi, ya fi tauri a kan faifai, ƙyallinsa kuma sai gwani ne zai ce ya gaza na da. Da ni ce ke, abin da za a sha a ciki zan nemi marar dalma, in bar mai dalma ga kayan ado: kaskon furanni, kwanon alewa ko dabino, mariƙin kyandir. Kada kuma sunan da ke jikin kwalin ya dame ki, yawancin kofunan da sunan giya iri-iri ake sayar da su don can abin da suke sha ke nan. Ki duba siffar kawai. Gajeren tambulan mai faɗin gindi ya fi amfani a gidanmu, kuma ya fi mai doguwar ƙafa jure hannun baƙi.

Ki gaya wa amarya kada ta kuskura ta zuba shayi a ciki. Ni na yi, da sanyin safiya a lokacin hunturu, kofin ya kwana a sanyi na tuttula masa ruwan zafi, ko cokali ban kai ga sawa ba ya rabe gida biyu a hannuna. Kaurin nan da muke yabo shi ne rauninsa, don ciki yana buɗewa da zafi alhali waje bai ji ba tukuna. Wanki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ɗaya bayan ɗaya, a shimfiɗa tawul a gindin roba, a cire zobe da awarwaro. Kiristal ya fi gilashin kwalba taushi, saboda haka ƙurar hunturu ma tana iya karce shi idan aka goge a bushe. A ɗauraye tukuna sannan a tsane da kyalle marar gashi. Kada a cusa wani cikin wani, kada a kifa shi a kan bakinsa. Idan cikin jug ya yi dusu-dusu inda hannu ba ya kaiwa, a zuba ɗanyar shinkafa cokali biyu da ruwan khal a girgiza a hankali.

Game da yawa kuwa, ba na ba ki shawarar dozin. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma ita ma tsada ba ta buƙatar taro. Tambulan shida da jug ɗaya daga shagon da ya amsa tambayoyin nan uku sun ishi ɗaki, sauran kabad ɗin a cika shi da gilashin da in yaro ya fasa ba wanda zai yi kuka. Ki tambayi mai kayan ko zanen da kika zaɓa yana nan dindindin, don idan ɗaya ya fashe bayan shekara biyar a iya samo ɗan'uwansa, sannan ki tabbatar a rubuce wa zai ɗauki asara idan kaya suka fashe a hanya kafin su iso hannunki.